Cire Iskar Birki: Da Wace Taya Ake Farawa?

Idan direba ya taka birki ya ji fedar ta yi laushi, tana nutsewa har kusa da ƙasa, sai ya taka sau biyu ko uku kafin mota ta saurare shi, to galibi iska ce ta shiga bututun man birki. Tana samun hanya idan an kwance tiyo ko an sauya kalifa (abin da ke matse birki a taya), ko idan man ya tsiyaye har kofinsa ya ƙafe.

Birkin ƙaramar mota da mai yake aiki. Ƙafa ta danna feda, feda ta tura fistin a cikin masta, masta ta tura mai ta siraran bututu zuwa tayoyi huɗu. Mai ba ya matsuwa, don haka duk ƙarfin da ƙafa ta sa yana isa taya nan take. Iska kuwa tana matsuwa kamar soso. Ɗan kumfa a cikin bututu ya isa ya shanye rabin takun direba kafin birki ya fara kamawa.

Kowace taya tana da ɗan noti mai rami a tsakiya, da hular roba a kansa, kuma ta nan ake korar iskar. Abin da ake yawan jayayya a kansa a gareji shi ne wace taya za a fara da ita.

Tsohuwar ƙa'ida ita ce a fara da tayar da ta fi nisa da masta, a ƙare da wadda ta fi kusa. Tun da Najeriya ta koma tuƙin hannun dama a 1972, sitiyarin motocinmu yana hagu, kamar na Nijar, kuma masta tana gaban direba idan an buɗe boneti. Saboda haka jerin shi ne tayar baya ta dama, tayar baya ta hagu, tayar gaba ta dama, sannan tayar gaba ta ɓangaren direba. Hagu da dama a nan na wanda ke zaune a kujerar direba ne, ba na wanda ya tsaya a gaban mota yana kallonta ba. Dalilin jerin kuwa, bututun suna tarayya a wasu mahaɗai. Idan aka fara wanke dogon layi, iskar da ke hanyar tarayya ta fita tare da mai. Idan aka fara da na kusa, iskar da ta maƙale a dogon layi tana iya komowa mahaɗa ta ɓata aikin da aka riga aka gama.

Sai dai wannan ƙa'ida ba ta hau kan kowace mota ba, kuma nan ne bakanike da yawa ke yin aiki da hadda. Motocin zamani layi biyu gare su, domin idan ɗaya ya fashe ɗaya ya tsayar da mota. A wasu an raba gaba daban, baya daban. A yawancin motocin da tayoyin gaba ke ja, an raba su ne a gicciye: baya ta dama tana layi ɗaya da gaba ta hagu, baya ta hagu kuma da gaba ta dama. Wasu kamfanoni kan ce a gama layi ɗaya tukuna kafin a taɓa ɗaya. Honda kuwa, a samfura da dama na Accord da Civic, ta ce a fara da gaba ta hagu, sai gaba ta dama, sai baya ta dama, a ƙare da baya ta hagu. A mota mai ABS kuwa, wato na'urar da ke hana tayoyi kullewa idan an taka birki, bututun suna fara biyawa ta akwatin ABS kafin su rarrabu, kuma akwatin ba lallai ne ya kasance kusa da masta ba. Ga kuma motocin da aka shigo da su da sitiyari a dama aka juya shi, waɗanda sai an bi bututunsu da ido kafin a san wanne ne dogo. Littafin gyaran motar shi ne alƙali. Idan babu shi, a koma ga tsohuwar ƙa'ida.

A ganina, akwai jerin da ya fi na tayoyi muhimmanci, wato jerin abin da ake yi a kan kowace taya. Aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana cikin mota, injin a kashe. Ɗaya yana ƙasa da sufana mai zobe, yawanci lamba 8 ko 10, da tiyo mai haske wanda ya soka bakinsa a kan notin, ɗaya bakin kuma a cikin kwalba mai ɗan man birki. Na ƙasa ya ce, "Taka!" Na ciki ya taka a hankali sau uku ko huɗu. "Riƙe!" Ya danne ƙafarsa. Na ƙasa ya sassauta noti kaɗan, mai da kumfa su fito, feda ta nutse, ya ɗaure noti. Sai bayan ya ɗaure zai ce, "Saki!" Idan yaron da ke cikin mota ya ɗaga ƙafa noti yana buɗe, iska ta koma ta inda aka fitar da ita. Haka za a yi ta maimaitawa har mai ya riƙa fitowa garau babu kumfa.

Kofin mai kuma kada ya ƙafe. A duba shi bayan kowace taya, domin da zarar masta ta zuƙi iska, aiki ya dawo sabo. A tsohuwar mota yana da kyau a sa ɗan katako ƙarƙashin feda. Fistin ɗin masta ya saba tafiya iya wani wuri, can gaba kuma tsatsa ta taru, idan aka tura shi har ƙarshe robarsa tana iya yagewa. Notin da ya cije a jiƙa shi da man kwance tsatsa a ba shi lokaci, don karyewarsa ta fi komai sauƙi. Idan kuma an sauya kalifa iska ta ƙi ƙarewa, a duba ko an sa ta hagu a dama: notin dole ya kasance a sama, tunda iska sama take hawa.

Shi kansa man yana da nasa sharaɗi. A kan murfin kofi an rubuta irin wanda motar ke sha, yawanci DOT 3 ko DOT 4. Waɗannan suna zuƙar danshi daga iska. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230 a ma'aunin Selshiyos, amma idan ya sha ruwa yana iya tafasa a 155. A doguwar gangara irin ta Hawan Kibo, inda ƙafa ke daɗewa a kan birki, tsohon mai yana iya tafasa ya zama tururi, feda ta tafi ƙasa ba tare da ko ɗigo ya zuba ba. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a sauya shi duk shekara biyu, kuma daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba. DOT 5 jinsinsa daban, ba a gauraya shi da sauran. Ruwan omo da wasu direbobi ke ɗurawa idan mai ya ƙare a hanya yana tafasa da wuri, yana kuma cinye masta da tsatsa.

Idan an gama, a mayar da hulunan roba, a cika kofi zuwa alamarsa, a wanke duk inda mai ya ɗiga a jikin mota don yana cin fenti. Sai a danne feda kamar rabin minti. Idan ta tsaya da ƙarfi, a gwada motar a hankali a wurin da babu jama'a. Idan har yanzu da laushi, akwai sauran iska, wataƙila a cikin akwatin ABS, wanda a wasu motoci sai an sa kwamfuta ta buɗe hanyoyinsa. Idan kuwa ta yi ƙarfi da farko sannan ta riƙa sulalewa ƙasa, wannan ba iska ba ce: ko mai yana yoyo a wani wuri, ko robar masta ta gaji.