Jarka da ledar ruwa: Abin da ya kamata a sani kafin a kafa dokar hana roba

Duk wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Daura ta cikin Mashi zai ga abubuwa biyu da ba sa ɓacewa daga ido: jarkokin da 'yan ga-ruwa ke turawa a kura, da ledojin ruwa da iska ke liƙawa a jikin ƙaya da shingayen gonaki. Abin da mutane da dama ba su sani ba shi ne, uwa ɗaya ce ta haife su. Dukansu daga sinadarin polietilin aka yi su, wanda ake samu daga iskar gas ko ɗanyen mai. Sai dai jarka kan yi shekaru tana aiki, ta tsufa a sayar da ita, ledar ruwa kuwa aikinta na minti biyu ne, sharrinta na shekaru.

Ina bambancin yake?

Polietilin dogayen sarƙoƙi ne na ƙwayoyin sinadari da ido ba ya gani. A nau'in da masana'antu ke kira HDPE, sarƙoƙin miƙaƙƙu ne, suna kwanciya kusa da juna kamar karan dawa da aka ɗaure dami. A nau'in LDPE kuwa suna da rassa barkatai, kamar ƙayar da aka tara don shinge, ba sa matsuwa. Daga nan duk sauran bambancin ya taso.

HDPE ya fi nauyi kaɗan, kimanin giram 0.94 zuwa 0.97 a kowace santimita mai kusurwa huɗu ta ko'ina, LDPE kuma kimanin 0.91 zuwa 0.93. Tazarar ƙarama ce a takarda, amma babba ce a wurin aiki. HDPE yana da tauri, yana jure bugu, kuma sai zafi ya kai wajen digiri 130 a ma'aunin Salsiyos yake narkewa. Shi ya sa ake yin jarka, galan ɗin man girki, akwatin lemo da bututun ruwa da shi. LDPE yana da laushi da miƙewa, yana narkewa tun wajen digiri 110, kuma yana liƙewa da sauƙi idan aka ɗora masa zafi, abin da injin ƙulla ruwa ke buƙata ke nan.

LDPE ne babba a haihuwa. Masana biyu na kamfanin ICI a Ingila, Eric Fawcett da Reginald Gibson, suka gano shi a 1933. Shekara ashirin bayan haka, a 1953, Karl Ziegler na Jamus ya samar da hanyar yin HDPE ba tare da matsanancin matsin iska ba, aikin da ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1963. Mai saye zai iya bambance su ta lambar da ke cikin alamar kibau uku a gindin kaya: 2 tana nufin HDPE, 4 tana nufin LDPE.

Dalilin da ya sa ake tsintar ɗaya a bar ɗaya

Ana iya narkar da nau'o'in biyu a sake sarrafa su. Amma 'yan jari-bola a kan kilo ake biyansu. Fasasshiyar jarka ɗaya tana da nauyin da za a ɗora a sikeli, kuma tana da masu saye a masana'antun Kano na Sharaɗa, Challawa da Bompai. Ledar ruwa kuwa sai an tara ɗaruruwa, an wanke, an shanya, kafin ta cika kilo guda. Wahalar ta fi kuɗin, don haka take zama inda aka yar da ita.

Inda ta zauna kuwa, nan take ɓarna. Tana toshe magudanan ruwa da damina, ta mayar da kwata gidan sauro. A ƙasar kiwo irin shiyyar Daura, asarar ta fi shafar dabbobi: akuya ko saniya ta haɗiyi leda, ta cunkushe mata tumbi, ta yi ta ramewa har a yanka ta a kan asara. Mahauta da likitocin dabbobi a faɗin Arewa sun san wannan sarai.

Jarka ma tana da nata haɗarin. Robar HDPE tana tsotsar fetur da magungunan feshi, wanki kuma ba ya fitar da su gaba ɗaya. Jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari ba ta dace da ruwan sha ba har abada.

Darasi daga maƙwabta

A watan Nuwamba na 2014, Jamhuriyar Nijar, wadda Mashi ke iyaka da ita, ta kafa dokar haramta yi, shigowa da sayar da ledoji masu laushi na nau'in mara nauyi. Duk wanda ya shiga kasuwar Maraɗi ko Damagaram ya san leda ba ta ɓace ba. Akwai kuma gibi a cikin irin wannan lafazi: yawancin siraran ledojin cefane masu ƙara idan an murza su, da HDPE ake yin su. Ashe ɓarnar ba a sunan sinadari take ba, a sirantaka take da kuma amfani sau ɗaya.

Jihar Legas ta bi ta kan kauri. Daga 1 ga Yulin 2025 ta fara aiwatar da haramcin ledojin da kaurinsu bai kai maikuron 40 ba, amma ta ƙyale ledar ruwa. Dalilin a fili yake: inda famfon gwamnati ba ya kawo ruwa, hana ruwan leda hana talaka sha ne.

Abin da ya rage ga masu zaɓe

Kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora kwashe shara a wuyan ƙananan hukumomi, kuma a watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kuɗinsu kai-tsaye. Don haka matashin Mashi, Dutsi ko Mai'adua yana da hurumin tambayar shugaban ƙaramar hukumarsa: nawa aka ware wa tsaftar muhalli, kuma ina aka kashe su? Akwai wurin da ake sayen ledar ruwa a kan farashin da zai sa a tsince ta? Wane kaso masu kamfanonin ruwa ke ɗauka na tattara abin da suka watsa?

Duk dokar da za a kawo gaban Majalisar Dokokin Jihar Katsina, da waɗannan tambayoyi ya kamata a auna ta. Jarka ta riga ta nuna hanya: robar da ke da daraja a sikeli ba ta kwana a bola.