Hasken Dare a Silima: Dabarun Mai Ƙaramin Jari

Hausawa kan ce dare mahutar bawa, amma ga mai ɗaukar fim wanda jarinsa bai taka kara ya karya ba, dare shi ne lokacin wahala. In ya ɗauka ba fitila, hoton ya fito baƙi ƙirin; in kuwa ya tara fitilu barkatai, dare ya koma rana tsaka, kuɗin janareta da na mai sun tafi a banza.

Tushen al'amarin yana cikin halin haske kansa. Idan aka ninka nisan da ke tsakanin fitila da mutum, hasken da zai same shi rubu'i zai koma, ba rabi ba. Saboda haka haska fili mai faɗi aikin masu hannu da shuni ne. Mai ƙaramin ƙarfi sai ya matso da kyamara kusa, ya ɗaga fitila guda mai ƙarfi a bayan ɗan wasa, ta zana gefen kansa da kafaɗunsa, sa'an nan a riƙe farin kwali a gabansa don ya mayar da ɗan haske bisa fuska. Sauran wurin a bar wa duhu. Galibi akan sa wa fitilar shuɗin launi, ko da yake farin wata hasken rana ne ya dawo, ba shi da shuɗi. Idon mutum ne ke karkata ga shuɗi cikin duhu, 'yan kallo kuma sun saba.

Akwai wata tsohuwar dabara, wato a ɗauki dare da rana. Faransawa suna kiranta "daren Amurka", har François Truffaut ya ba fim ɗinsa na 1973 wannan suna. Ana rage hasken da ke shiga kyamara zuwa kamar rubu'i, a sa rana a bayan 'yan wasa ta tsaya a matsayin wata. Sai dai sararin sama mai tonon asiri ne, tilas a kau da kyamara daga gare shi. Fitilar mota ko ta ƙwai kuma takan fito a raunane.

Wannan ya sa waɗansu suka fi son tsakanin faɗuwar rana da rufawar duhu, lokacin da fitilu ke haskawa amma siffar gidaje ba ta ɓace ba. Néstor Almendros ya yi amfani da wannan lokaci ƙwarai a fim ɗin Days of Heaven na 1978, ya kuwa sami lambar Oscar. Lokacin bai cika wuce minti 25 ba, don haka dole a gama gwaji tun la'asar.