PSP, Mai 400 ko Gem ɗin Bulo: Wanne ne ya Dace da Garinmu?



Sati biyu ke nan ana musu a ajinmu, aji biyu, kuma har yau ba a gama ba. Wani ɗan ajinmu ne ya je hutu birni wajen kawunsa, ya dawo yana ta ba mu labarin PSP, har ya ce duk wanda yake buga gem ɗin bulo ɗan ƙauye ne. Sai wani ya ce masa, to ai dukkanmu 'yan ƙauye ne, har da kai. Ranar sai da monita ya rubuta sunan mutum shida a masu surutu, kuma sunana ne na biyu.

Ni maganar ta shafe ni fiye da kowa. Tun kakar bara nake tara kuɗi a asusu. Akwai na roron gyaɗa, akwai na zakaru biyu da na sayar ranar kasuwar Dambatta, akwai kuma barka da sallah. Yayana yana so mu haɗa nawa da nasa ya sayo mana PSP a birni. Idan na fasa asusun na sayi abin da ba zai yi mini amfani ba, sai dai in jira wata kakar. Shi ya sa na roƙi malaminmu na kwamfuta ya bar ni na yi karatu a wayarsa bayan an tashi, ga kuma abin da na gani da idona a garinmu.

Gem ɗin da nake magana a kai shi ne wanda ake riƙewa a hannu, mai fuskarsa da madannansa da batirinsa a jiki ɗaya, ba irin na gidan gem da ake jonawa da talabijin ba. Wasu suna ce masa gem na hannu. Mu a nan sunan ya hau sau biyu, domin yawancin masu kyau da suke zuwa mana dama na hannu ne, wani ya gama morarsu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne irin wannan musun namu an yi shi tun kafin a haifi yayyenmu. Akwai wani kamfani a ƙasar Japan mai suna Nintendo. An kafa shi a garin Kiyoto a 1889, wato shekara 14 kafin Turawa su ci Kano, kuma da farko karta yake yi. A 1989 ya fito da wani gem mai suna Game Boy. Wanda ya jagoranci ƙera shi, Gunpei Yokoi, an fara ɗaukarsa aiki ne don ya riƙa duba injinan yin karta. Game Boy ba shi da kala. Fuskarsa kore-kore ce, hoton kuma baƙi-baƙi, ba fitila a ciki, in dare ya yi sai ka nemi haske. Lokacin da ya fito, a Amurka an sayar da shi dala 90.

Shekara ɗaya bayan haka, wani kamfanin Japan ɗin mai suna Sega ya fito da nasa, Game Gear. Wannan kam ya sha kala. Fuskarsa tana da fitila a baya, ana buga shi ko a cikin duhu, har akwai wani abu da ake jona masa a kalli talabijin. Kuɗinsa a lokacin dala 150 ne. Duk wanda aka ajiye wa su biyun a gabansa, Game Gear zai fara miƙa wa hannu. Ni ma da na ga hotonsu shi na zaɓa.

Amma ga inda gizo yake saƙar. Game Boy yana cin batir huɗu, irin na agogon bangon ofishin shugaban makaranta, kuma suna kai shi awa 15 ko fiye. Game Gear yana cin shida, su ƙare a awa 3 zuwa 5, saboda fitilar nan ita take shanye su. Na zauna na yi lissafi a bayan littafina. Ko da mun yi wa Game Gear adalci mun ce awa 5 yake yi, kafin ya cika awa 15 sai an sauya masa batir sau uku. Shida sau uku 18 ke nan. Wato mai Game Gear zai sayi batir 18 a lokacin da mai Game Boy bai gama da huɗunsa na farko ba. To wane uba ne zai jure wannan?

Da aka zo ƙirga ciniki, Game Boy da ƙaninsa mai kala da ya fito daga baya an sayar da fiye da miliyan 118. Game Gear bai kai miliyan 11 ba. Ba batir kaɗai ne dalili ba. Game Boy ya fi araha, yana shiga aljihu, ga shi da wasannin da mutane suka haukace a kansu, kamar Pokémon da ya fito a 1996, da kuma Tetris. Tetris ɗin nan shi ne wasan jera bulo da muka sani. Wani ɗan Rasha mai suna Alexey Pajitnov ne ya ƙirƙire shi a birnin Mosko a tsakiyar shekarun 1980. Saboda haka wanda ya ce mana 'yan ƙauye ya sani cewa wasan ya zaga duniya kafin ya iso kasuwar Dambatta. Ga ƙwari kuma. Akwai wani Game Boy da ya ƙone a yaƙin Iraƙi na 1991, jikinsa ya narke ya yi baƙi, amma da aka sa masa batir ya kama. An daɗe ana nuna shi a wani shagon Nintendo a Amurka.

A 2004 aka sake irin wannan karon, wannan karon da kamfanin Sony. Su ne suka yi PSP, Nintendo kuma suka yi DS. PSP yana da faffaɗar fuska mai kyau, yana kunna fim da waƙa, hotonsa ya kusa kamo na gidan gem. Wasanninsa suna zuwa a wani ɗan ƙaramin faifai mai suna UMD, wanda sai ya yi ta juyawa a ciki, juyawar kuma tana cin caji. Sabon batirinsa yana yin awa 4 zuwa 6. Shi DS hotonsa bai kai haka ba, amma fuska biyu gare shi, ta ƙasan ana taɓa ta da ɗan tsinke, ana ninke shi kamar littafi, cajinsa kuma ya fi daɗewa. An sayar da DS miliyan 154, PSP kuma wajen miliyan 80. Wato mai ƙaramin ƙarfin ya sake cinyewa, duk da PSP bai sha kashi irin na Game Gear ba.

To me ya sa a nan kowa ya san PSP amma ban taɓa ganin DS da idona ba? Ni a ganina ƙwallo ce. A PSP ana buga PES da FIFA, ka ɗauki Real Madrid ko Barcelona ka ga 'yan wasan suna gudu kamar gaske. Yaron da ya saba leƙen gidan kallon ƙwallo ta jikin kwano ba abin da zai burge shi kamar wannan. Na taɓa riƙe na wani maƙwabcinmu na minti goma, kuma ba zan yi ƙarya ba, da ya karɓe sai da na ji kamar in yi kuka. A wajen daɗi babu wanda ya kama ƙafar PSP a cikin waɗanda na taɓa gani.

Sai dai an daina fitar da sabon PSP tun 2014. Duk wanda za ka samu a kasuwa yau ya haura shekara goma, wasu ma sun girme ni. Batir kuwa yana tsufa kamar mutum. Wanda yake yin awa biyar yana sabo, yanzu zai iya mutuwa kafin a je hutun rabin lokaci. Wannan laifin shekaru ne. Mu kuma a unguwarmu ana iya yin kwana da kwanaki ba a kawo wuta ba. Sai ka kai wa mai caji, ka biya kuɗin da zai saya maka ƙosai, ka bar shi can yini guda. Cajarsa ma ba irin ta waya ba ce, in ta ɓata ba za ka samu aro a maƙwabta ba. In fuskar ta fashe ko madannin nan mai juyawa ya sha ƙurar hunturu ya daina aiki, mai gyaran wayar garinmu ba shi da kayansa. Sai an kai birni, ga kuɗin mota, ga kuɗin gyara.

Gem ɗin bulo akasin haka ne. A jikinsa an rubuta Brick Game, an kuma rubuta wasa 9999 ne a ciki. Wannan ƙarya ce tsagwaronta, kuma na tabbatar da kaina. Na zauna ranar wata Asabar ina dannawa ɗaya bayan ɗaya, sai na ga wasanni kaɗan ne suke ta maimaituwa: jera bulo, tseren mota, maciji, harbin tanka, da wasu 'yan kaɗan. Abin da yake sauyawa kawai sauri ne ko yadda bulon yake faɗowa. Ba shi da kala, motar ma ɗigo-ɗigo ce, sai ka yi mata uzuri kafin ka yarda mota ce. Robarsa ba ta da ƙwari, murfin batirin ne yake fara ɓata, shi ya sa za ka ga kowa ya ɗaure nasa da kyauro ko salatif. Ƙararsa kuma tana tona asiri. Sau biyu Inna tana kama ni da dare saboda na manta ban kashe sautin ba.

Amma batir biyu kawai yake ci, waɗanda ake samu a kowane tebur, kuma ina yin makonni ban sauya ba. Ko batirin da rediyon Baba ya gaji da shi, in na sa masa sai ya tashi. Wani abin kuma da masu birni ba za su lura da shi ba: fuskarsa ba ta da fitila, hasken waje take amfani da shi, saboda haka ƙara rana ƙara fitowar hoto. In an tura ka kiwon awaki ko korar tsuntsaye a gonar gero, kana zaune a kan kunya rana tsaka, gem ɗin bulo garau za ka gan shi. Mai kala kuwa sai ka yi ta kare shi da hula kana ƙanƙance ido. Da dare ne abin yake juyawa, ni sai na riƙe tocila a baki.

A tsakaninsu akwai wanda ake kira mai 400, an rubuta Sup a jikinsa. Siffarsa irin ta Game Boy ce amma yana da kala. Wasannin cikinsa tsofaffi ne na shekarun 1980, irin su Super Mario da Contra, waɗanda aka kwafo aka zuba, kuma shi ma akwai maimaici a 400 ɗin. Ba ƙwallon kirki a ciki. Abin da ya ja hankalina shi ne batirinsa. Irin na ƙananan wayoyin nan ne, mai faɗi, wanda ake cirewa. In ya mutu ana samun wani a duk inda ake sayar da kayan waya, in kana da biyu kuma ɗaya yana wajen mai caji ɗaya yana aiki. Yana zuwa da wayar jona shi da talabijin, ga wanda yake da ita.

Na zamanin yanzu ba sai na daɗe a kansu ba. Nintendo Switch ya fito a 2017, na biyunsa kuma a watan Yunin 2025 a kan dala 450, wato sama da naira dubu 600 a canjin lokacin. Da na gaya wa Baba, sai ya ce wannan ai buhun taki ne fiye da goma, ya ci gaba da gyaran garmarsa.

Wani zai ce duk me ya kawo wannan wahala tunda ga waya. Gaskiya ne, samarin garinmu suna buga wasannin PSP ɗin a wayoyinsu da wata manhaja mai suna PPSSPP, suna tura wa juna ta Xender ba tare da data ba. Amma wayar ba tawa ba ce. Kana tsaka da bugun fanareti sai kira ya shigo, ko mai ita ya ga cajinsa ya koma ja ya fizge abarsa. Kuma wannan ma ya ƙara rage mini sha'awar sayen PSP, domin in dai ƙwallon ce, yayana yana da ita a wayarsa.

Saboda haka na gaya wa yayana ba zan haɗa kuɗina ba. Ya yi fushi na kwana biyu, ya ce ba ni da buri. Ni kuwa na ga in mun saya, shi zai riƙa riƙewa tunda shi ne babba kuma kasonsa ya fi yawa, ni kuma a bar ni da zirga-zirgar kai caji. Ranar kasuwa mai zuwa zan duba mai 400. Zan sa mai kayan ya buɗe bayansa in ga batirin, in danna kowane madanni a gabansa, in kuma fita da shi rana in ga ko ana ganin hoton. In bai yi mini ba, zan sayi batir biyu in mayar da sauran kuɗin sabon asusu, ƙila in ƙara da 'yar budurwar kaza.

Wanda bai yarda da ni ba, musamman abokinmu mai kawu a birni, ya rubuta nasa ya ba shugaban kulob a liƙa a nan mako mai zuwa. Amma ya zo da lissafin batirinsa.