A Amurka Kowace Jiha Da Dokarta Kan Masu Sa Ido A Zaɓe

Ran 5 ga watan Nuwamba, 2020, watau kwana biyu bayan an jefa ƙuri'ar zaɓen shugaban ƙasar Amurka, sai da ma'aikatan zaɓe suka dakatar da ƙidaya na ɗan lokaci a birnin Filadelfiya na Jihar Fensilbaniya. Gardamar da ta jawo haka kuwa ta wurin tsayawa ce. Wakilan Donald Trump sun kai ƙara cewa shingen da aka gitta musu a zauren ƙidaya ya yi nisa da teburan ma'aikata, har ba sa iya karanta abin da ke jikin ambulan na ƙuri'un da aka aiko ta gidan waya. Wata mai shari'a ta ba da umurni a bar su su matso har tazarar ƙafa 6. Amma ran 17 ga watan sai Kotun Ƙolin jihar ta soke wannan umurni da rinjayen alƙalai 5 a kan 2, ta ce abin da dokar jihar ta faɗa shi ne a bar wakili ya kasance cikin ɗakin, ba ta yanka yawan ƙafa ba.

Mai karatu zai yi mamakin yadda ƙafa 6 ta kai manyan lauyoyi gaban kotu. To, dalilin shi ne Amurka ba ta da hukuma guda mai gudanar da zaɓe a ƙasa baki ɗaya. Mu a Nijeriya mun saba da INEC, wadda ke ba masu sa ido izini, ƙa'idarta kuma ɗaya ce daga Sakkwato har Kalaba, zaɓen ƙananan hukumomi kaɗai aka bar wa jihohi. A can kuwa tsarin mulki ya ɗora wa majalisar dokokin kowace jiha alhakin tsara yadda za a yi zaɓe, ma'aikatan gundumomi da na birane su ne ke aiwatarwa. Saboda haka jihohi 50 ɗin nan kowace da amsarta ga tambayoyi uku: wa zai shiga, ina zai tsaya, me kuma aka yarda ya yi.

WA ZAI SHIGA?

A Fensilbaniya ɗan takara na iya naɗa masu sa ido 2 a kowace rumfa, jam'iyya kuma 3, amma ɗaya-ɗaya suke shiga muddin ana jefa ƙuri'a. Tilas ne mai sa ido ya zama yana da rajistar zaɓe a gundumar da zai yi aikin, ya kuma riƙe takardar shaida daga hukumar zaɓen gundumar. Watau ba a kwaso mutane a mota daga wata gunduma a jibge su a rumfar da ba su san kowa ba. An ƙalubalanci wannan sharaɗi a 2020, kotuna suka tabbatar da shi.

Jihar Mishigan ta raba su kashi biyu. Akwai mai ƙalubale, wanda dole ya zama mai rajista a jihar, da katin jam'iyya ko na ƙungiyar da ta turo shi. Shi an yarda ya tsaya bayan teburin ma'aikata, ya duba littafin sunaye, in kuma yana da ƙwaƙƙwaran dalili ya ja da cancantar wani mai zaɓe. Ko da ya ja, ba shi ke yanke hukunci ba. Ma'aikaci ne zai rantsar da mutumin ya yi masa tambayoyi, in amsoshinsa sun nuna ya cancanta a ba shi takardarsa. Kashi na biyu shi ne ɗan kallo, wanda ba a neman kati a wurinsa, amma iyakarsa wurin da aka keɓe, ba shi da bakin ja da kowa.

Wiskonsin ta fi sakin ƙofa, domin duk mai so yana iya zuwa kallo, ban da ɗan takarar da sunansa ke kan takardar ƙuri'a. Abin da ake nema shi ne ya nuna katin shaida mai hoto, ya rubuta sunansa a littafin masu sa ido. Ita kuwa Bajiniya ta Yamma ba ta barin wakilan jam'iyya su zauna a cikin rumfa ranar zaɓe.

INA ZAI TSAYA?

Giɓin da ya jawo shari'ar Filadelfiya, Wiskonsin ta riga ta toshe shi da awo. Dokarta ta ce wurin masu sa ido kada ya gaza ƙafa 3, kada kuma ya wuce ƙafa 8 daga teburin da mai zaɓe ke faɗin sunansa da adireshinsa. Hikimar ita ce mutum ya yi kusa yadda zai ji ya gani, amma kada ya yi kusan da zai tsaya a kan wuyan mai zaɓe.

Jihar Teksas ta bi wata hanya. A 2021 ta kafa dokar da ta ba masu sa ido 'yancin zagayawa a inda ake aikin zaɓe, ta kuma mai da shi laifi ga ma'aikacin da ya tare su da gangan ko ya nisanta su yadda ba za su gani ba. Amma dokar ta ɗaure su ma, domin sai sun yi horon da ofishin Sakataren Jiha ya shirya, sun kuma yi rantsuwa cewa ba za su hargitsa zaɓe ko su takura wa masu jefa ƙuri'a ba. Waɗanda suka soki dokar sun ce ta raunana hannun shugaban rumfa, magoya bayanta suka ce gani ya kori ji.

Duk da wannan bambanci, akwai inda galibin jihohin suka haɗu. Mai sa ido ba ya taɓa takardar ƙuri'a, ba ya leƙa abin da mutum ya zaɓa, ba ya yi wa ɗan takara talla a rumfa, in kuma ya ga abin da bai gamsu da shi ba, jami'in da ke kula da wurin zai gaya wa.

ME YA SA AKE TSORONSU?

Waɗannan iyakoki ba haka kawai aka sa su ba. A zaɓen gwamnan Jihar Niyu Jazi na 1981, jam'iyyar Rifablikan ta tura mutane da sunan tsare ƙuri'a zuwa rumfunan unguwannin baƙar fata da masu jin Sifaniyanci, cikinsu har da 'yan sandan da ba sa bakin aiki, wasu da bindigogi, da ƙyalle ɗaure a damtse. Thomas Kean ya ci zaɓen da ratar ƙuri'a 1,797 kacal. 'Yan Dimokurat suka kai ƙara, a 1982 uwar jam'iyyar Rifablikan ta sa hannu a wata yarjejeniya gaban kotu wadda ta taƙaita mata irin wannan aiki, yarjejeniyar kuma ba ta ƙare ba sai a watan Disamba na 2017.

Har ila yau, a 2022 an ga mutane da makamai suna gadin akwatunan ajiye ƙuri'a da aka kafa a waje a Gundumar Marikofa ta Jihar Arizona, suna ɗaukar hoton masu zuwa. Sai da wani alƙalin tarayya ya hana 'yan ƙungiyar da aka yi ƙara zuwa kusa da akwatin da tazarar ƙafa 250 muddin suna riƙe da bindiga a fili.

Sai dai rufe ƙofa ma yana da tasa illar. Ran 4 ga Nuwamba, 2020, a babban zauren ƙidaya na birnin Ditiroyit a Mishigan, jami'ai sun hana ƙarin masu ƙalubale shiga, suka ce waɗanda ke ciki sun riga sun wuce adadi. Na waje suka dinga dukan gilashi suna ihun a tsai da ƙidaya, aka kuma toshe wasu tagogi da kwali. A ciki akwai wakilan jam'iyyun biyu sama da ɗari-ɗari, kuma a watan Yuni na 2021 wani kwamitin majalisar dattawan jihar, ƙarƙashin ɗan Rifablikan Ed McBroom, ya ce bai sami shaidar babban maguɗi ba. Amma hoton kwalin nan ya riga ya zaga duniya, ya bar zargi a zukatan mutane da yawa.

BAƘI DAGA WAJE

Masu karatu da dama za su tuna tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya zo Nijeriya sa ido a zaɓen shugaban ƙasa na 1999. To, a ƙasarsu baƙo ba ya shiga rumfa sai dokar jiha ta yarda. Ƙungiyar tsaro da haɗin kan Turai, OSCE, wadda Amurka ke cikinta, takan tura tawaga bisa gayyatar gwamnatin tarayya, amma a 2012 Greg Abbott, wanda shi ne babban lauyan Teksas a lokacin, ya gargaɗe ta cewa wakilinta da ya matso ƙasa da ƙafa 100 daga ƙofar rumfa yana iya fuskantar tuhuma.

Abin lura a nan shi ne, wanda ya faɗi zaɓe ba ya haƙura sai in mutanensa sun ga ƙidaya da idonsu, talaka kuma ba ya fitowa jefa ƙuri'a in ya san za a tsare shi da ido a razana shi. Dokar masu sa ido tana ƙoƙarin biyan waɗannan buƙatu biyu ne a ɗaki ɗaya. Inda aka rubuta ƙa'ida dalla-dalla tun kafin ranar zaɓe, gardama takan ƙare a bakin teburin shugaban rumfa. Inda aka bar giɓi kuwa, kamar Filadelfiya, sai ta kai gaban alƙali jama'a na zaune suna jiran sakamako. Saboda haka duk wanda jam'iyya ko ƙungiya ta ɗora wa wannan aiki, a can ko a nan gida, ya kamata ya karanta ƙa'idar tun da wuri, ya riƙe takardar shaidarsa, ya rubuta abin da ya gani da lokacin da ya gan shi, ya kuma zauna har a gama ƙidaya.