Ɗamarar ɗaga ƙarfe: mai milimita 10 ko mai 13, wacce ta dace da kai?

Matasanmu da dama sun rungumi ɗaga ƙarfe, a unguwannin Umdurman da Bahri, haka ma a zangon Kumasi da Maradi. Da zarar nauyin ya fara yawa, abin da kowa ke nema shi ne ɗamarar fata mai faɗi, wadda Larabawan Sudan ke kira hizam, masu Faransanci kuma su ce ceinture de force. Mai saye ya kan tarar da kauri iri uku: milimita 6 zuwa 7, milimita 10, da milimita 13. Yawanci sai ya miƙa hannu ga mafi kauri, a zatonsa ita ce ta fi kare baya, alhali ba haka abin yake ba.

Kuskure a nan yana da tsada, musamman a Sudan. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, kayan waje suka yi wuya, darajar fam ta faɗi, asibitoci da yawa a Khartum suka rufe. Wanda ya ji ciwo a baya yanzu, jinyarsa ba ƙaramin aiki ba ce.

Me ɗamarar ke yi?

Ɗamara ba ta tallafe ƙashin baya daga waje kamar yadda karan ɗori ke riƙe karaya. Aikinta daga ciki yake farawa. Idan mai ɗagawa ya ja numfashi ya cika cikinsa, ya riƙe, ya ƙanƙame naman ciki, sai matsi ya taru a cikin. Wannan matsin ne ke tokare ƙashin baya ta gaba, ya hana shi lanƙwasa a ƙarƙashin nauyi. Ɗamara tana ba ciki bangon da zai tura, matsin ya ƙaru.

Dubi buhun hatsi. Wanda aka cika aka ɗaure bakinsa tam yana tsayawa da kansa, har a ɗora masa wani. Wanda bai cika ba kuwa, ko an naɗe shi da igiya, zubewa zai yi. Saboda haka wanda bai iya cika ciki da numfashi ba, ɗamara mai kauri ba za ta ƙara masa komai ba.

Kauri uku, aiki uku

Bambancin milimita 10 da 13 ƙarami ne a ido, amma babba ne a jiki. Taurin abu wajen lanƙwasawa yana ƙaruwa da sauri fiye da kaurinsa. Idan fatar iri ɗaya ce, ɗamara mai milimita 13 ta ninka mai 10 tauri har da ɗan ƙari.

Mai milimita 6 zuwa 7, da wadda ake yi da zaren roba mai manne Velcro, tana bin jiki cikin sauƙi. Ita ta dace da sabon shiga, da mai ƙaramin jiki, da mai atisayen da ake yawan motsi a cikinsa, kamar fizgo ƙarfe daga ƙasa zuwa saman kai. Aibinta shi ne idan nauyi ya yi yawa ta kan naɗe, manne kuma ya kan saki idan ya tsufa ko ƙura ta cika shi.

Mai milimita 10 ita ce ta yawancin mutane. Tana da taurin da ciki zai tura da ƙarfi, kuma tana barin mutum ya sunkuya ya kama ƙarfe a ƙasa ba tare da ta soke shi a haƙarƙari ba. Bayan 'yan makonni tana laushi ta ɗauki siffar jikin mai ita. Da ita za ka yi tsugunno da ƙarfe a kafaɗa, ka ɗaga daga ƙasa, ka tura sama, duk da ɗamara guda.

Mai milimita 13 ta manyan 'yan gasa ce, masu jiki sosai, waɗanda ke tsugunnawa da nauyin da ya ninka nasu sau biyu ko fiye. Ta kan ɗauki watanni kafin ta yi laushi, kuma a farko tana barin tabo a ƙugu. Ga siririn mutum, ba ta zagaye jiki ta kwanta, sai ta bar gurbi a gefe. Inda aka sami gurbi kuwa, ciki ba shi da abin turawa. Mafi muni, zafin da take yi wa mutum ya kan sa ya canza tsayuwarsa don gudun ciwo, ya lanƙwasa bayan da ya sayi ɗamarar don karewa.

Faɗi ya fi kauri muhimmanci

Kafin ka tambayi kauri, auna gurbin da ke tsakanin haƙarƙarinka na ƙasa da saman ƙashin ƙugu. Nan ɗamara ke zama. Idan gurbin ya kai santimita 10, ɗauki mai faɗin inci 4. Idan bai kai ba, kamar yadda yake ga gajeru da mata da yawa, mai inci 3, wato kusan santimita 7 da rabi, ta fi. Akwai kuma mai faɗi a baya, siririya a gaba. Ta fi daɗin sawa, amma tun da ciki ne ke turawa, mai faɗi ɗaya gaba da baya ta fi ta aiki a nauyi mai yawa.

Wajen tsawo, kada ka bi lambar wandonka. Zagaya awo ta kan cibiya, ka zaɓi ɗamarar da awon naka ya faɗo a tsakiyar hudojinta, don jiki yana ƙaruwa yana raguwa, musamman a watan azumi.

Mai niyyar shiga gasa ya san doka tun kafin ya biya kuɗi. Hukumar IPF, mai kula da gasar tsugunno da turawa a kwance da ɗagawa daga ƙasa, ta ƙayyade faɗi kada ya wuce santimita 10, kauri kada ya wuce milimita 13. Hukumar IWF, mai kula da ɗaga nauyi irin na wasannin Olamfik, ta yarda da faɗi har santimita 12. Ka lura, 13 iyaka ce da aka hana wucewa, ba shawara ba ce ga kowa.

Idan baduku zai ɗinka maka

Kasuwar Umdurman ta daɗe da suna wajen aikin fata: takalmin markub, jakunkuna, kuben wuƙa da sirdi. Yaƙi ya yi mata mummunar ɓarna, an ƙone shaguna, an wawushe wasu, masu sana'a da yawa sun watsu. Amma sana'ar tana hannun masu ita, kuma baduku da ya iya kayan doki zai iya ɗamarar ɗaga ƙarfe idan an yi masa bayani. Haka abin yake ga dukawan Kano da Zinder.

Fatar akuya da ta tunkiya, duk kyansu, ba su yi wannan aiki ba, domin sirara ne kuma suna miƙewa. Ƙirgin sa ake nema, daga gadon baya, ba daga ɓangaren ciki mai laushi ba. Wadda aka jeme da bagaruwa, da mutanen Sudan ke kira garad, ta fi tsayawa da riƙe siffa. Falle ɗaya na fatar sa ba ya kai milimita 10, don haka ana haɗa biyu ko uku, a manne, a bi gefuna da ɗinki mai ƙarfi.

A ɗamarar kanti ma ka duba gefenta da kyau. Wasu masu araha an cusa musu soso ko kwali a tsakiya don su yi kauri. Matsa ta da yatsu biyu: idan ta lotsa, kaurin na ado ne. Duba kuma ƙusoshin da suka riƙe kan ɗamarar, don nan ta fi tsinkewa. Kai mai harshe ɗaya ya isa, kuma ya fi mai harshe biyu sauƙin ɗaurawa. Mai liba tana buɗewa da sauri, amma sai da sukuddireba ake canza mata awo, kuma idan libar ta karye da wuya a samu madadinta. A zafin Khartum, ka shanya ɗamara a inuwa bayan atisaye, don gumi da rana suna busar da fata har ta tsage.

Yadda ake ɗaura ta

A ɗaura ta daidai cibiya ko ɗan sama kaɗan. Ta kama jiki, amma a bar wurin da yatsu za su shiga kafin a ja numfashi. Wanda ya matse ta har ya kasa cika cikinsa ya kashe amfaninta. Masu horarwa da yawa suna ba da shawarar a ajiye ta sai nauyi ya kai wajen kashi 80 cikin 100 na iyakar abin da mutum ke iya ɗagawa sau ɗaya. Sauran atisaye a yi shi haka nan, jiki ya koyi riƙe kansa. Bayan kowane zagaye a kwance ta.

Waɗanda ya kamata su yi hattara

Riƙe numfashi a ƙarƙashin nauyi yana ɗaga hawan jini ƙwarai na ɗan lokaci. Wani bincike da aka yi a Jami'ar McMaster ta Kanada a 1985 ya auna har 480 bisa 350 a jikin wani mai tura nauyi da ƙafafu, alhali awon mai lafiya a zaune bai wuce wajen 120 bisa 80 ba. Mai hawan jini, da mai ciwon zuciya, da mai kaba ko gwaiwa, da mace mai juna biyu, da wanda aka yi wa tiyata a ciki, su ga likita kafin su fara. Idan ciwon baya ya sauka zuwa ƙafa, ko ƙafa ta fara mutuwa, a ajiye ƙarfe a nemi asibiti. Ɗamara ba magani ba ce.

'Yan dako fa?

Hausawa da yawa a kasuwannin Sudan da dako suke ciyar da iyali, kuma wasu suna yini da ɗamara a ƙugu. A 1994 hukumar NIOSH mai kula da lafiyar ma'aikata a Amurka ta ce ba ta sami hujjar cewa ɗamara na hana ciwon baya a wurin aiki ba. A shekarar 2000 mujallar likitoci ta JAMA ta wallafa binciken da aka yi kan dubban ma'aikatan ɗaukar kaya a shaguna 160 na Walmart, ba a ga bambanci tsakanin masu sa ta da marasa sa ta ba.

Aikin nasu ya sha bamban da na ɗan wasa. Ɗan wasa yana ɗagawa na daƙiƙoƙi ya huta, ɗan dako kuwa yana sunkuyawa, yana juyawa, yana tafiya da buhu mai kilo 50 daga safe zuwa yamma. Abin da ya fi kare shi shi ne ya jawo kaya kusa da jiki, ya tashi da ƙarfin ƙafafu, kada ya murɗa ƙugu da kaya a kansa, ya nemi a ɗora masa ko ya sa a baro. Haɗarin ɗamara a gare shi shi ne ta sa masa jin ƙarfin da ba shi da shi, ya kinkimi abin da ya fi ƙarfinsa.

Don haka, idan ba ka shekara kana ɗaga ƙarfe ba, riƙe kuɗinka tukuna, ka koyi numfashi da tsayuwa. Idan lokacin saye ya yi, mai milimita 10 da faɗin da ya shiga gurbin jikinka za ta yi maka shekaru. Mai 13 kuwa a bar wa wanda ya gwada mai 10 ya ji tana naɗewa a ƙarƙashin nauyinsa.