Tanaka Kinuyo: daga gaban kyamara zuwa kujerar darakta

A shirin da ya gabata mun leƙa ƙasar Japan, ga abin da muka tattauna ga wanda bai samu saurare ba.

Idan kuka kunna fim a waya, waɗanda kuke gani su ne 'yan wasa. Amma akwai wanda ba ya fitowa, shi ke cewa a tsaya nan, a sake wancan, a kashe kyamara. Shi ne darakta, mai ba da umarni. A Japan ta wancan zamani wannan kujera ta maza ce, mace sai dai ta yi kuka ko dariya yadda aka umarce ta.

An haifi Tanaka Kinuyo a 1909 a Shimonoseki, wani garin bakin teku. Mahaifinta ya rasu tana ƙarama, arzikin gidan ya karye, suka koma Osaka, inda ta shiga kiɗan biwa, wani abin kiɗa mai tsirkiya ɗan'uwan molo. A 1924 kamfanin Shochiku ya ɗauke ta wasan fim tana da shekara 14. Lokacin finafinai bebaye ne, sai hoto kawai. Da aka yi fim na farko mai cikakkiyar magana a Japan a 1931, ita ce ta fito a matsayin matar gida. Kafin ta rasu ta fito a finafinai sama da 250.

A ƙarshen 1949, bayan an ci Japan da yaƙi, ta yi wata uku a Amurka. Ta dawo sanye da baƙin tabarau da kayan Turawa, tana cilla wa jama'a sumba da hannu. Wayyo! Jaridu suka yi mata ca, wai ta manta asalinta, wasu har da gorin tsufa. Mutanen da jiya suke tafa mata ke nan fa.

Wanda ya sake ɗaga ta shi ne babban darakta Mizoguchi Kenji, da finafinai irin su Oharu a 1952 da Ugetsu a 1953, waɗanda suka ci kyauta a birnin Banis na Italiya. To, a nan maganar take. Da Tanaka ta ce ita ma za ta ba da umarni, Mizoguchin nan ne ya ƙi. Ku da kuka san ciniki kun san irin wannan maigida: yana son yaronsa muddin yana ɗaukar masa kaya, ranar da ya ce zai kafa tasa rumfar sai fuska ta canza. A ganinmu abin da ya faru ke nan. Ita kuwa ta je ta zauna ƙarƙashin wani darakta, Naruse Mikio, tana koyon aikin kamar sabuwar almajira, duk da sunan da ta yi. A 1953 ta fitar da fim ɗinta na farko, Koibumi, wato wasiƙar soyayya, har aka gwada shi a gasar Kan ta Faransa a 1954. Ita ce mace ta biyu da ta ba da umarni a Japan, bayan Sakane Tazuko a 1936. Da aka zo fim na biyu Mizoguchi ya sake sa ƙafa, amma Ozu Yasujiro, wanda labarin nasa ne, ya tsaya mata. Aka yi fim ɗin a 1955, zumuncinta da Mizoguchi kuma bai sake gyaruwa ba har ya rasu a 1956.

Finafinai shida ta yi tsakanin 1953 da 1962, kuma ku dubi abin da ta zaɓa. Ɗaya a kan Nakajo Fumiko ne, marubuciyar waƙoƙi da aurenta ya mutu, ciwon dajin nono ya kama ta, aka yanke mata. Tanaka ba ta mai da ita abar tausayi kawai ba, ta nuna ta da fushinta da son rayuwarta. Wani na 1961 ya bi matan da suka bar karuwanci bayan dokar hanawa ta 1956, yadda duk inda ɗayarsu ta samu aiki, da an gano tarihinta sai zaman ya gagara.

Bayan 1962 ba ta sake ba da umarni ba. Talabijin ta fara kwashe 'yan kallo, kamfanoni suka tsuke aljihu. Ta ci gaba da wasa, kuma a 1975 ta ci kyautar gwarzuwar 'yar wasa a Balin ta Jamus da fim ɗin Sandakan 8, inda ta fito a tsohuwar da aka sayar tun tana yarinya, aka ƙetare teku da ita zuwa tsibirin Borneo.

Ta rasu ranar 21 ga Maris 1977, sakamakon ƙari a ƙwaƙwalwa. Finafinan nan shida sun daɗe ba mai ganinsu a wajen Japan, sai a 2021 aka gyara su aka nuna su gaba ɗaya a birnin Liyon na Faransa.