AMSOSHIN WASIƘUNKU: Gilashi Mai Launi, Ado Ne Ko Amfani?

Wani mai sauraronmu daga Malumfashi ya rubuto cewa ya sayar da audugarsa a Funtuwa, yana gina ɗaki da shago. Ya ce: "Malam, ina son gilashin taga mai launi irin na ofisoshin birni. Shin fenti ne, kuma yana hana zafi?"

To Alhaji, mun gode. Gilashi dai da yashi ake yin sa, a haɗa da farar ƙasa da wani sinadari ɗan'uwan kanwa, a narkar a wuta mai tsananin zafi. Na ƙwarai ba fenti ba ne, tun a narke ake zuba masa launin. Ɗan ƙarfe kaɗan na ba da kore, ma'adinin kobal na ba da shuɗi, zinariya kuwa ja. Shi ya sa ba ya kankaruwa. Wanda farce ya kankare, leda aka manna masa, kada ka biya kuɗin na asali.

Yayin sa shi a ofisoshi daga Amurka ya bazu. A 1952 aka buɗe ginin Lever House a birnin Niyok, jikinsa lulluɓe da koren gilashi, a 1958 kuma na Seagram mai ruwan tagulla. Amma ka lura: waɗannan gine-gine da na'urar sanyaya iska suka dogara. Gilashin yana rage ƙyallin rana, amma yana shan zafi, ya mayar da wani cikin ɗaki. A bazarar Malumfashi, ba wuta ba fanka, tagar da ba ta buɗuwa azaba ce. Nemi mai buɗuwa, ka sa ta kudu ko arewa, domin hantsi da ranar la'asar gabas da yamma suke duka.

Sai babbar magana, sirrin gida. Mai duhun nan da rana yana ɓoye na ciki. Da dare kuwa, da zarar an kunna fitila, na waje ke ganin iyalinka, su ba sa ganinsa. Saboda haka labule dole ne.

A shago kuma yana sauya launin kaya, mai sayen atamfa ko hatsi sai ya fita waje ya duba. Fari ya fi maka, mai launin ka yi ado da shi a saman ƙofa.

Allah ya sa albarka a ginin. Sai mun ji daga gare ku.